Bargon ɗari: yadda ake ƙulle bakin zare

Ɗari ya ƙarato. A watannin Disamba da Janairu, sanyin asuba yana damun kowa, balle yara ƙanana da tsofaffi. Ba kowane magidanci ne ke iya sayen bargon kanti ga duk iyalinsa ba. Shi ya sa muka ji daɗi, a zagayen da muke yi na cibiyoyin yaƙi da jahilci, da muka tarar da mata suna harhaɗa ƙyallayen tela da tsofaffin zannuwa suna ɗinka bargo da keke.

Aikin ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Ana shimfiɗa ƙyalle a ƙasa, a baza shiɓaɓɓiyar auduga ko tsohon zane a tsakiya, a rufe da wani ƙyalle, sa'an nan a bi da layukan ɗinki don su riƙe ukun tare. Haka kakanninmu suke yin lifidi, irin wanda ake sa wa dawaki a hawan salla a Damagaram.

Amma mun lura da aibi guda. Barguna da yawa, wanki biyu ko uku, sai ɗinkin ya fara warwarewa, audugar ta dunƙule gefe ɗaya, sauran bargon ya zama fanko. Laifin ba na keke ba ne. Bakin zare ne ba a ƙulle ba.

Keken ɗinki da zare biyu yake aiki: na sama, wanda ke cikin allura, da na ƙasa, wanda ke cikin kwarkwaro. A kowane taku na allura, biyun suna sarƙewa a cikin ƙyalle. Tsakiyar layi tana da ƙarfi, amma farkonsa da ƙarshensa babu abin da ke riƙe su. Idan aka datse zaren daidai da ƙyalle, ja kaɗan ya isa ya kwance shi.

Kafin mu soma layi, mu juya keken da hannu, allura ta sauka ta hau sau ɗaya. Mu ja zaren sama, zai fito da na ƙasa. Mu danne su biyun da yatsa har allura ta yi taku uku. In ba haka ba, zaren ƙasa yakan cukurkuɗe a bayan bargo, ba mu sani ba sai mun juya shi.

Hanya mafi sauƙi ta ƙullewa ita ce komawa baya: taku uku ko huɗu gaba, a koma kansu, a ci gaba. Wasu tsofaffin kekuna ba su da abin mai da ɗinki baya. Mai irinsu sai ta rage tsawon taku, ta yi biyar ko shida ƙanana ƙwarai a farko da ƙarshe. Wannan ya wadatar ga layin da ya kai bakin bargo, tun da kalmasar gefe za ta hau kansa ta ƙara danne shi.

Layin da ya tsaya a tsakiyar bargo shi ne mai wuya, kuma a nan ne muka fi son a ɓoye ƙulli. A bar bakin zare mai tsawon santimita 10 zuwa 15, kada a yi rowa. A fito da na ƙasa sama, a ƙulla su biyun sau biyu dab da ƙyalle. A zura su cikin allurar hannu, a soka ta a ramin taku na ƙarshe, a bi da ita ta cikin auduga kamar faɗin yatsa biyu, ba tare da ta ɓulla baya ba, a fito. A ja a hankali har ƙullin ya shige ciki, sa'an nan a datse da almakashi. Yana cin lokaci, gaskiya ne, amma ƙullin da ke cikin auduga dutsen wanki ba ya samunsa, farcen yaro ma haka.

Idan zaren kwarkwaro ya ƙare a tsakiyar layi, a kwance taku kaɗan don a sami abin ƙullawa, a ƙulla, a sake somawa daga nan.

Wasu suna ƙona bakin zare da ashana. Kada mu yi haka a bargo: auduga tana kama wuta nan da nan, kuma tana iya ci a ciki ba a gani ba.

Akwai kuma batun lafiya. Sakakken zare yana iya naɗe yatsan jariri, na hannu ko na ƙafa, ya shaƙe shi har jini ya daina gudana. Jariri ba ya iya faɗa, sai kuka. Don haka bayan kowane wanki mu shafa bargon gaba da baya, duk zaren da ya saki mu ƙulle shi. Idan jariri yana kukan da ba a san dalilinsa ba, mu duba yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. In mun ga yatsa ya kumbura, zare ya nutse cikin fata bai ciru ba, mu kai shi gidan likita nan take, kada mu jira gari ya waye.