Hasken Leza da Baƙar Fata: Tabo da Sauyin Launi

Bahaushe ya daɗe da sanin tabo. Ya san na ƙuna, ya san na ƙyanda, ya kuma san wanda askar wanzami ke bari. Wanda zan yi magana a kansa sabo ne, wato tabon da hasken leza kan bari a jikin mai neman gyaran fata.

Leza haske ne mai launi ɗaya da aka tattara wuri guda. Theodore Maiman ne ya fara ƙera na'urarsa a Amurka a 1960. A 1983 Anderson da Parrish suka bayyana ƙa'idar da likitocin fata ke bi har yau: a zaɓi hasken da abin da ake son kawarwa zai shanye, hasken ya koma zafi ya ƙone shi, sauran fata ta tsira. Wajen cire gashi, abin da ake hari shi ne melanin, sinadarin da ke baƙanta gashi.

To, a nan gizo ke saƙar. Wannan sinadari shi ne kuma ke ba fatarmu launinta, yana nan jibge a samanta. Saboda haka baƙar fata takan shanye zafin da aka aika wa saiwar gashi. Abu uku kan biyo baya. Na farko, wurin ya ƙara duhu, domin fatar da ta ji rauni takan ƙara yin melanin. Wannan yakan dushe cikin watanni. Na biyu, wurin ya yi fari, idan ƙwayoyin da ke yin melanin sun lalace. Wannan yana iya zama har abada. Na uku, tabo mai tudu wanda ke zarce iyakar raunin, irin da ya fi samun baƙar fata.

Akwai hanyar rage haɗarin. Na'urar Nd:YAG, mai tsawon zango nanomita 1064, ta fi dacewa da mu, domin haskenta yana ratsawa ciki, melanin na sama bai cika shanye shi ba. Likitan ƙwarai zai tambayi yadda raunukanka na baya suka warke, ya gwada a ɗan wuri tukuna, ya sanyaya fata, sannan ya gargaɗe ka game da shiga rana. Wanda bai yi waɗannan ba, kada ka miƙa masa fuskarka, don kada garin neman gira a rasa ido.