Kalmomin Nutso a Hausa da Ƙa'idojin Tasowa Daga Ƙarƙashin Ruwa: Duba Daga Jihar Neja

1.0 Gabatarwa

Jihar Neja ƙasa ce ta manyan ruwaye. A cikinta madatsar Kainji take (1968), da ta Shiroro (1990), da ta Zungeru wadda aka kammala a 2023, ga kuma ta Jebba (1985) a kan iyakarta da Kwara. Duk lokacin da jirgin ruwa ya kife, kamar yadda ya faru a hanyar Wara cikin Mayun 2021 da kuma Gbajibo ta ƙasar Mokwa cikin Oktoban 2024, masunta da sarkawa ne kan fara faɗawa ruwa, kafin jami'an ceto su iso. Harshen da ke haɗa waɗannan mutane, Nufawa da Gwarawa da Kambari da Hausawa, shi ne Hausa, irin wadda ake ciniki da ita a Kasuwar Kure ta Minna, mai ɗauke da sunan Injiniya Abdulkadir Kure, gwamnan jihar daga 1999 zuwa 2007.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana ƙa'idojin da sojojin ruwa ke bi wajen tasowa daga ƙarƙashin ruwa, tare da nuna inda kalmomin Hausa na yau da kullum ke iya karkatar da ma'anarsu. Ma'aunin da aka ɗauka shi ne: duk kalmar da mai sayar da kifi a Kasuwar Kure ba zai gane ta a ji ɗaya ba, ba ta da amfani a bakin ruwa.

2.0 Nutso Iri Biyu, Kalma Ɗaya

Hausa ta bambanta iyo ko ninƙaya, waɗanda ake yi a saman ruwa, da nutso, wanda ake yi a ƙarƙashinsa. Ta kuma bambanta ganganci da haɗari:

(1) Ya yi nutso.
(2) Ya nutse.

Na (1) gwani ne, na (2) kuwa sai addu'a. Abin da harshen bai bambanta ba shi ne nutson sarkawa, irin wanda ake nunawa a kabancin Argungu, da nutson soja, irin wanda ake koyarwa a makarantar yaƙin ƙarƙashin ruwa ta Rundunar Sojojin Ruwan Nijeriya da ke Ojo, Legas. Na farko numfashi ɗaya yake ja a sama ya riƙe; idan ya ƙare sai ya taso da sauri. Na biyu yana shaƙar iska daga tukunyar da ke bayansa, ko daga tiyo, alhali yana can ƙasa. Abubuwa biyun da ke ceton na farko, wato riƙe numfashi da saurin tasowa, su ne ainihin abin da ke kashe na biyu. Saboda haka ya wajaba a raba su da suna: nutson numfashi da nutson tukunya. An zaɓi tukunya ne don kowa ya san tukunyar gas.

3.0 Matsi da Kumfa

Duk zurfin mita 10 na ruwa yana ƙara wa jiki matsi daidai da na iskar da ke kan doron ƙasa. Ke nan a mita 10 matsin ya ninka biyu, a mita 30 ya ninka huɗu. Mai nutson tukunya da ya cika huhunsa a mita 10 ya taso bai fesar ba, iskar za ta nemi ninka girmanta, huhu ya yage, iska ta shiga jini ta toshe jijiyar ƙwaƙwalwa. Wannan yakan faru ko a zurfin da bai kai mita 2 ba. Shi ya sa dokar farko take cewa kada a riƙe numfashi.

Matsala ta biyu ta fi wuyar bayani. Kashi 78 cikin 100 na iskar da ake shaƙa naitirojin ce, wadda jiki ba ya amfani da ita. A ƙarƙashin matsi takan narke cikin jini da tsoka da kitse, gwargwadon zurfi da daɗewa. Idan matsi ya sauka a hankali, sai ta fice ta numfashi. Idan ya sauka farat ɗaya, sai ta zama kumfa, tamkar lemon kwalba da aka ɓalle murfinsa. Kumfar kan tsaya a gaɓoɓi, ko a laka, ko a ƙwaƙwalwa. Bafaranshe Paul Bert ne ya tabbatar da haka a 1878.

A nan ne babbar matsalar fassara take. Mai fassarar da ya yi gaggawa zai ce ciwon iska, tun da dai iska ce sila. Amma iska a Hausa tana da fuska uku: wadda ake shaƙa, da wadda ke kaɗawa, da wadda ke hawa kan mutum. Alamun ciwon kuwa su ne tsamin gaɓoɓi, da jiri, da mutuwar ƙafafu, da shanyewar jiki, ga mutumin da ya fito daga ruwa lafiya ƙalau awa ɗaya ko biyu da suka wuce. A bakin kogi, inda maganar 'yan ruwa ba baƙuwa ba ce, duk wanda ya ji an ce iska zai nufi gidan mai magani da turare, lokaci kuwa yana tafiya. Ciwon kumfa ya fi dacewa: ya faɗi sila, kuma bai da wata inuwar ma'ana.

4.0 Jadawali da Zango

A 1908 John Scott Haldane, tare da Boycott da Damant, ya fitar wa sojojin ruwan Ingila jadawalin tasowa na farko, bayan gwaje-gwaje da awaki. Abin da ya gano shi ne jiki yana jure raguwar matsi da rabi ba tare da ciwo ba, don haka sai a riƙa tasowa mataki-mataki. Sojojin ruwan Amurka sun gina nasu a kan wannan harsashi, suka sabunta shi a 1937 da 1957 da 2008. Bisa littafinsu, gudun tasowa ƙafa 30 ne a minti ɗaya, wato kimanin mita 9. Kafin 1993 ƙafa 60 ne. A zurfin mita 18 mutum yana da kusan awa ɗaya da zai iya tasowa kai tsaye, a mita 30 kuwa minti 25 kacal. Wanda ya wuce haka dole ya tsaya a wurare ƙayyadaddu, na ƙarshensu a mita 6, ya cika mintocin da jadawali ya yanka masa. Nutso na biyu a rana ɗaya lissafinsa daban, domin akwai ragowar naitirojin a jiki.

Kalmar Ingilishi decompression ita ta ƙunshi wannan aiki duka. Rage matsi ta yi kusa, sai dai ba ta nuna sannu ba, sannun kuwa ita ce maganar. Sassauta matsi ta fi, domin ba a sassauta igiya da fizga. Wurin tsayawar kuma Hausa tana da sunansa tun zamanin fatake: zango. Zango wuri ne sananne a kan hanya, ana ya da shi don dole, kuma madugu ne ke cewa a tashi. Haka abin yake a ruwa, inda shugaban nutso yake sama riƙe da agogo da jadawali, ga kuma wani mai nutso a shirye da kayansa ko da ta ɓaci. Don haka ana iya cewa:

(3) Ya da zango a mita shida.
(4) Ya tsallake zango.

Jimla ta (4) ta isa ta sanar da likita abin da ya faru. (Littafin Hausa Metalanguage na 1990 ya yi wa nazarin harshe da adabi irin wannan hidima ta ɗauko tsohuwar kalma a ba ta sabon aiki, fannonin da rai ke rataye a kansu sun fi cancantar ta.)

Misali mafi kusa shi ne na Harrison Okene, kuku a jirgin Jascon-4 da ya kife a gaɓar Escravos ranar 26 ga Mayu, 2013. Ya yi kimanin awa 60 cikin wani lungu mai ragowar iska a zurfin mita 30. Da masu nutso suka same shi, ba su fito da shi sarari ba, duk da cewa abin da tausayi zai ce a yi ke nan. Jikinsa ya ƙoshi da naitirojin. Sai aka sa shi a rufaffiyar ƙararrawar nutso, daga nan zuwa ɗakin matsi, inda ya ƙara fiye da kwana biyu ana sassauta masa.

5.0 Ɗakin Matsi da Tudun Shiroro

Ɗakin matsi shi ne maganin ciwon kumfa. Ana mayar da majinyaci matsin mita 18, yana shaƙar oksijin zalla da ɗan hutu a tsakani. Jadawalin magani na 6 na sojojin Amurka yakan ɗauki awa 4 da minti 45. Kafin a kai shi, a kwantar da shi, a ba shi oksijin, kada kuma a ɗauke shi a jirgin sama mai tashi sosai, don raguwar matsi tana ƙara girman kumfa. Oksijin ɗin kanta tana da iyaka: sojojin da ke nutso da ita zalla, don kada kumfar numfashi ta tona asirinsu, ba su cika wuce mita 6 ba, gudun farfaɗiya a cikin ruwa. Ita ma tukunya ba a cika ta da injin mai faci, saboda tiririn mai da hayaƙin da yake haɗawa da iskar.

Akwai kuma abin da ya shafi Neja musamman. An lissafa jadawalin ne bisa matsin bakin teku, littafin kuwa ya ce duk nutson da aka yi a wurin da ya haura ƙafa 1,000, kimanin mita 300, sai an gyara lissafinsa. Tafkin Shiroro ya haura wannan adadi. Sojan da ya horu a Ojo, idan aka kira shi Shiroro, mita 30 ɗinsa a jadawali ta fi mita 30, mintocinsa kuma sun ragu. Ana iya kiran wannan gyara ƙarin tudu, ko da yake tudu a kunnen masunci yana nufin gaɓar da ake fitowa a huta ne.