Bitar koyar da matasa shirya fim

Bitar koyar da matasa shirya fim gajeren horo ne, galibi na ranakun Asabar da Lahadi, inda ake koya wa 'yan shekara 13 zuwa 19 rubuta labari da ɗaukar hoto da sauti da kuma tacewa. Abin da ya bambanta ta da lacca shi ne ɗalibai na tashi da gajeren fim da suka yi da hannunsu, ko da na minti 3 ne.

Asali

A shekarar 1978 Jean Rouch, Bafaranshen da ya daɗe yana ɗaukar fim a Nijar, ya shiga cikin shirya wa matasan Mozambik horo da ƙananan kyamarori na Super 8. Daga nan aka kafa cibiyar Ateliers Varan a birnin Faris a 1981, wadda tsarinta shi ne a damƙa wa ɗalibi kyamara tun farko, bayani ya biyo baya.

A ƙasar Hausa kuwa, sana'ar ta taso ne daga ƙungiyoyin wasan kwaikwayo. Ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ce ta fitar da Turmin Danya a 1990. Har yanzu da yawa daga ma'aikatan Kannywood a lokeshan suka koya, suna yaran darakta ko na mai kyamara. Akwai Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa a Jos, ƙarƙashin Hukumar Fina-finai ta Najeriya, amma ga yaron sakandare a Birnin Kebbi, Jos da Kano duk sun yi nisa. Wannan giɓin ne gajeriyar bita ke iya ragewa.

Yadda ake gudanarwa

Ranar farko ana raba ɗalibai rukuni-rukuni, kowane ya tsara labarin da bai wuce wuri ɗaya ko biyu ba. Ana nuna musu bambancin ɗaukar nesa da ta kusa, da dalilin da ya sa ba a sa mutum ya ba rana baya. Rana ta biyu ta ɗauka ce da tacewa, a kwamfuta ko a manhajar waya irin CapCut. Wayar hannu ta wadatar wajen hoto. Sauti ne ke kayar da masu koyo, domin iska da ƙarar janareta da babura kan cinye maganar 'yan wasa, kuma mai kallo ya fi haƙuri da hoto mai duhu a kan maganar da ba ya ji. Tunda ɗaliban yara ne, ana neman yardar iyaye kafin a ɗauke su ko a ɗora fim ɗin a intanet.

A Jihar Kebbi

Abin ɗauka ba ya wuya a Argungu. Bikin kamun kifi, wanda ake danganta farkonsa da ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, ya shiga jerin al'adun UNESCO a 2016. Sai dai gasar Matan Fada, inda dubban masunta ke rugawa ruwa da homa da gora, ta fi ƙarfin mai koyo. Ya fi masa sauƙi ya bi masunci guda yana gyaran homarsa, ko manomin shinkafa a fadamar Rima, ko ya shiga Gidan Tarihi na Kanta.

Akwai kuma batun harshe. Yawancin fina-finan Hausa da Kananci ake yin su, don haka yaron da ke cewa "shina zuwa" da "hwari" a gida kan koma "yana zuwa" da "fari" da zarar an kunna kyamara, sai wasan ya fito a ɗaure. Mai horarwa nagari kan bar ɗalibai su rubuta zancen da karin da suka tashi da shi, ko da Zabarmanci ko Fulatanci, a sa fassara a ƙasan hoto lokacin tacewa.