Sahihi da Batili Game da Ajiyar Irin Acca

Zantuka sun yawaita tsakanin masu hatsi a kasuwar Nyanya game da accar da ake kawowa daga Filato da kudancin Kaduna, kuma da yake mazauna garin da dama suna noma a ƙauyukan Karu da Keffi, ya wajaba a rarrabe sahihi da batili tun kafin wani ya yi hasarar irinsa.

Mafi shahara a cikinsu shi ne wai buhun nan mai leda biyu a ciki, wanda ake kira PICS, yana shaƙe iri har ya mutu. Wannan zance ba shi da hujja, domin buhun, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro, aka kuma fara yaɗa shi a ƙasashenmu a 2007, ƙwaro yake hana wa iska, alhali busasshiyar ƙwaya numfashinta kaɗan ne ƙwarai. Sai dai shubuhar tana da asali, gama duk wanda ya ɗaure hatsi da sauran danshi a jikinsa, lalle zai tarar ya yi fumfuna, ya kuma ƙi tsirowa. Illar daga danshin take. Abin da ake so shi ne laimar ƙwaya kada ta haura kashi 12 cikin 100, wanda kuwa ba shi da na'urar awo sai ya zuba hatsin da busasshen gishiri a kwalba ya girgiza. In gishirin ya manne wa kwalbar, da sauran shanya.

Akwai kuma masu cewa shanya a kan kwalta ta fi, saboda zafinta. Wannan kuskure ne mai ban takaici, domin zafin da ya wuce kima yana kashe ran da Allah ya ajiye a cikin ƙwaya, ko da ido bai ga alama ba. Tabarma ko tamfol ya wadatar, ana juyawa.

Amma batun cewa accar kasuwa ba ta yin iri, haƙiƙa gaskiya ne, tun da surfe ya riga ya raunata ta. Iri da ɓawonsa ake ajiye shi.

Don haka, ya kai manomi, kafin damina ta faɗi ka ƙirga ƙwaya 100 a jiƙaƙƙen ƙyalle, ka ga nawa za su tsiro, sa'an nan ka yanke hukunci a kan irinka.