Kuɗin Jama'a da Rajistar Makaranta

A zamanin Jihar Arewa, gwamnati takan taimaki makarantun mishan da kuɗi, irin su Queen of Apostles ta Kakuri, watau Queen Amina ta yanzu. Amma fa sufeto yakan shiga aji ya duba rajista.

A Amurka kuwa akwai makarantun intanet na masu zaman kansu, gwamnati tana biyansu bisa yawan yara. Wata mai suna ECOT, a Jihar Ohayo, ta kasa nuna shaidar karatun yara da yawa da ta rubuta. Aka ce ta mayar da wajen dala miliyan 60. Cikin 2018 ta rushe.

To, malamai da akawuna, suna a takarda ba almajiri ba ne. Duk wanda ya fitar da kuɗin jama'a, wajibi ne ya je ya ƙirga da idonsa.