Tunanin da ke hana ɗaliba cin abinci

Ɗaliba ta shiga jami'a, ta bar gida, babu mai lura ko ta ci ko ba ta ci ba. Sai ta wuni da yunwa don kada ta yi ƙiba, dare ya yi ta far wa abinci har ya wuce misali, kunya ta rufe ta, ta shiga bayi ta tilasta wa kanta amai. Likita Gerald Russell ne ya fara siffanta wannan cuta a Landan a 1979, ya kira ta bulimiya. 'Yar uwarta anoreksiya, wato ƙaurace wa abinci har jiki ya ƙare, tana cikin cututtukan ƙwaƙwalwa mafi kisa. Dukansu sun fi kama mutum daga balaga zuwa shekara ashirin da 'yan kai.

A wurin Christopher Fairburn na Jami'ar Oxford, tushen ciwon shi ne mutum ya riƙa auna darajarsa da nauyinsa da surar jikinsa. Shi ya sa ake bi ta hanyar gyaran tunani da ɗabi'a, wadda Aaron Beck ya shimfiɗa a Amurka a shekarun 1960. Ɗaliba za ta rubuta abin da ta ci, da abin da ya zo mata a rai lokacin. In ta rubuta "na ci shinkafa, na lalace", sai a tsare maganar da tambaya: ina hujja? Wa ya kafa wannan doka? Sannan a koma cin abinci a kan lokaci, domin dogon horon yunwa shi ke haifar da cin wuce gona da iri.

Amfanin yin wannan a rukuni shi ya fi taɓa ni. Ciwo ne mai rayuwa a ɓoye, kowace tana zaton ita kaɗai ce. Ranar da ta ji sirrinta ya fito daga bakin wata, ta kuma ji kanta tana ce wa waccan "ba haka ba ne", da wuya ta ci gaba da gaskata shi a kanta. A kan wannan Eric Stice ya gina shirinsa na Body Project, inda 'yan mata ke sukar aƙidar "sai siririya ce kyakkyawa" da bakinsu, har su rubuta wa ƙanwa wasiƙar gargaɗi. Bincikensa na 2008 ya nuna kamuwa ta ragu da kashi 60 cikin 100 a shekara uku.

Ba kowane shiri ke kai haka ba. Wanda C. Barr Taylor na Stanford ya gwada ta intanet a kan ɗalibai 480, aka wallafa a 2006, ya rage damuwa da jiki, amma rigakafin ya bayyana ne a wasu rukunoni kawai.

A wajenmu sau da yawa matsin ta ɗaya gefen yake: budurwa na shan "sha ka fashe" don ta ciko. Tunanin ɗaya ne, cewa jikin nan bai isa ba. Carolyn Becker ta nuna a Texas cewa ɗalibai da kansu, in an horar da su, suna iya jagorantar irin wannan zama, abin da ya dace da jami'ar da masu ba da shawara suka yi wa kaɗan. Wadda ciwon ya riga ya kama kuwa, mai amai kullum ko mai ramewa da sauri, likita take buƙata da gaggawa.