Ba duk motar da ke tangaɗi ba ce direbanta ya sha giya

Bisa babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta ratsa Dosso da Birnin Konni zuwa Maraɗi da Damagaram, sau da yawa mukan ga mota tana tangaɗi, ta shiga hannun wani ta dawo, ta taka birki ba dalili. Nan take sai mu ce direban ya bugu, alhali da yawansu ba su taɓa kai giya baki ba.

Abu na farko shi ne gyangyaɗi. Wani bincike da aka yi a Ostareliya a shekarar 1997 ya nuna cewa wanda ya yi awa 17 bai runtsa ba, kuzarinsa na raguwa kamar na wanda ya sha giya. Na biyu kuwa wayar salula ce. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 cikin kowace daƙiƙa, ke nan duba saƙo na daƙiƙa 4 tafiyar mita 100 ce ido rufe. Ga kuma juyawa ba tare da kunna sigina ba, da manne wa motar gaba.

Jandarma na da gaskiya idan ya tsayar da irin wannan mota, domin yaron da ke tsallaka titi a ƙauye bai san bambancin giya da barci ba. Don haka muna kira ga direbobinmu: in barci ya zo, a tsaya gefe a huta. In waya ta yi ƙara, ta jira.